Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin birnin Yamai: a auna ruwanmu, a faɗa mana abin da aka gani

Zuwa ga shugabannin ma'aikatar magajin garin Yamai da na gundumomi biyar na birnin.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, Allah ya taya ku riƙon wannan gari.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Na ƙare shekarun aikina ina koyar da ilimin halittu, yanzu ina zaune a Bukoki, kusa da gangaren ƙoramar Gunti Yena. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami tsohuwar rijiya ce da ke tsakar gidan maƙwabcina. Shekarun baya wani saurayi mai karatun ilimin ruwa ya yi mana sallama, riƙe da akwatin ƙanƙara da ƴan kwalabe. Ya nemi izinin ɗibar ruwan rijiyar, aka ba shi. Ya zura igiya mai alama ya auna zurfinta, ya cika kwalba biyu, ya rubuta lamba a jikinsu, ya yi godiya ya tafi. Bayansa wasu sun zo, har da wata yarinya mai ladabi da ta zauna ta sha hira da matan gidan. Na tabbata ruwan nan ya shiga ɗakin gwaji, sakamakonsa ya shiga kundin kammala karatu da Faransanci, an kare shi a gaban malamai, dangi sun yi murna. Shi kuwa mai rijiyar, duk ranar da famfo ya ɗauke sai ya leƙo ya ce mini: "Mushe, ruwan nan dai a sha ko kada a sha?" Amsarsa tana rubuce a wani wuri cikin garin nan, amma ba ta taɓa isowa ƙofar gidansa ba.

Ba na ganin laifin ɗaliban. Sun yi abin da ya kawo su. Babu wata hanya da aka shimfiɗa wadda sakamakon bincike zai bi ya dawo wurin mai shan ruwan, kuma shimfiɗa wannan hanya ce nake roƙonku.

Yamai ba ta rasa masana ba. Jami'ar Abdou Moumouni tana hayin kogi, a Harobanda. Cibiyar AGRHYMET, wadda tun 1974 take horar da masana ruwa da yanayi na ƙasashen Sahel, a nan take. Hukumar kula da kogin Isa, wato kogin Neja, mai ƙasashe tara, hedkwatarta a nan take. Wajajen 2001 Japanawa sun yi babban nazari a kan tsaftar birnin nan. Dokoki ma an kafa su: dokar tsaftar jama'a ta 1993, dokar muhalli ta 1998, dokar ruwa ta 2010. Garin da yake da mutum wajen 30,000 lokacin samun ƴancin kai a 1960, ƙidayar 2012 ta same shi ya haura miliyan ɗaya, kuma kowa na ganin yadda unguwanni ke ta tsirowa tun daga lokacin. Kowane sabon gida yana haƙa masai, yana haƙa ramin ruwan wanka, yana fitar da shara. Duk abin nan ƙasa ɗaya yake shiga, kogi ɗaya yake gangarawa.

Bari in fara da rijiya, tunda ita ta kawo ni.

Kusan duk gidajen Yamai masai na rami suke amfani da shi. Fitsari da bayan gida idan suka ruɓe a cikin ƙasa suna rikiɗa su zama wani gishiri da ake kira nitrat, ruwan sama ya wanke shi zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Tun tuni masu bincike suka nuna cewa rijiyoyi da yawa a cikin birnin nan suna ɗauke da shi fiye da kima. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya miligram 50 ne a kowace lita. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne nitrat ba ya da launi, ba ya wari, ba ya sauya ɗanɗano. Ruwa yana iya fitowa garau kamar hawaye alhali yana cike da shi. Uwa mai kula, wadda ta ji ana cewa a tafasa ruwan jariri, za ta ɗora tukunya ta tafasa, ƙwayoyin cuta su mutu, amma nitrat ɗin yana nan, ya ma ƙara kauri saboda wani ɓangaren ruwan ya tafi a tururi. Ruwan zabel ma, wanda ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, ba ya taɓa shi. Kuma jarirai ƴan ƙasa da wata shida su ya fi yi wa illa, domin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Wannan magana ce da na sha koyarwa a aji, amma matar da ba ta shiga aji ba wa ya faɗa mata?

Littattafan tsafta suna cewa a bar tazarar mita 15 zuwa 30 tsakanin masai da rijiya. Ku ɗauki fili mai mita 15 a kan 20, ku sa masa ɗakuna, ku sa masai, ku tuna cewa maƙwabta uku da ke kewaye kowa yana da nasa jingine da katanga. Tazarar ba za ta samu ba. Ga kuma wani abu da masana suka gano a wannan yanki har ya ba su mamaki: duk da farin shekarun 1970 da 1980, ruwan ƙarƙashin ƙasa a kewayen Yamai hawa ya riƙa yi, saboda sare daji ya sa ruwan sama yana gudu ya taru a tafkuna, daga can ya nutse. A cikin gari kuma ga ruwan wanka da wanki da ake zubarwa kullum. Shi ya sa a wasu unguwannin da ke gangare ake ganin ruwa yana tsattsafowa a tsakar gida, gindin katanga yana cin gishiri, masai yana cika da wuri. Inda ruwan ƙasa ya taso ya haɗu da ramin masai, tacewar da yashi ke yi ta ƙare.

Wani zai ce ai akwai famfo. Akwai shi, amma yana ɗaukewa, musamman da bazara, kuma sababbin unguwanni da dama da rijiyar burtsatse ta masu zaman kansu suke rayuwa. Ƴan garuwa suna ɗibo daga inda suka samu. Masu ɗaura ruwan leda sun yawaita. Mai saye ba shi da abin da zai gwada da shi sai idonsa da harshensa.

Mu ƴan Nijar bai kamata a tuna mana abin da rashin awo ke jawowa ba. Tibirin Gobir tana nan kusa da Maraɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 mutanen garin suna shan ruwan wata rijiyar burtsatse wanda sinadarin fuluwo ya yi wa yawa, ya zarce ma'aunin miligram 1.5 a lita nesa ba kusa ba. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwansu suka lanƙwashe, ɗaruruwa suka nakasa har abada. Ruwan yana da kyan gani, iyaye kuma da hannunsu suka riƙa ba ƴaƴansu, suna ganin sun tsere wa ruwan tafki. Gwajin da zai nuna matsalar ba mai wuya ba ne. Duk lokacin da na ga jariri ana ɗura masa ruwan rijiya a unguwarmu, yaran Tibiri nake tunawa.

Yanzu ku biyo ni Gunti Yena. Wannan ƙorama ta ratsa tsakiyar gari, ta bi ta gefen kasuwar Katako da babban filin wasa na Seyni Kountché, ta faɗa kogi kusa da gadar Kennedy. Da rani, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu, tana gudana, kuma kowa ya san abin da ke gudana a cikinta: ruwan magudanun unguwanni, na wanka, na wanki, na kasuwa, na gareji, har da na masan da wasu ke haɗawa da kwata a ɓoye. A bakin wannan ruwa mutane suka kafa garake. Salati, kabeji, zogala, alayyafo, tumatir, duk suna fitowa shar, domin ruwan yana ɗauke da taki. Da asuba mata suna saye su kai kasuwanni, da yamma ya zama haɗin salatin da ake ci ɗanye, musamman da azumi.

Ina roƙonku kada ku ɗauki wannan magana a matsayin dalilin korar masu garka. Na san da yawansu, magidanta ne masu ciyar da iyali da guminsu, kuma su ne na farko da cutar ke kamawa, tunda su ke tsoma ƙafa da hannu a ruwan tun safe. Idan aka kore su za su koma wata kwatar, mu kuma mu ci gaba da sayen salatin ba mu san inda ya fito ba. Abin da bincike ya nuna ya fi kora sauƙi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 domin ban ruwan ganyen da ake ci ɗanye shi ne kada ƙwayoyin cutar bayan gida su wuce 1,000 a cikin mililita 100, kada ƙwan tsutsar ciki ya wuce ɗaya a lita. Ana iya kusantar wannan ba tare da injin ƙasar waje ba. A jera tafkuna, ruwa ya shiga na farko mai zurfi, dauɗa da ƙwan tsutsa su kwanta. Ya wuce na biyu, inda gansakuka ke ba da iskar da ƙananan halittu ke buƙata su cinye ƙazantar. Ya ƙare a na uku marar zurfi, inda rana ke kashe sauran ƙwayoyin. Makonni uku zuwa huɗu ruwan yake yi a hanya. Ba ya cin lantarki, ba ya neman kayan gyara daga Turai, rana kuwa Allah ya hore mana ita.

Kuma wannan ba labarin wata ƙasa nake ba ku ba. A jami'armu ta nan Yamai an gina ƴan tafkunan gwaji irin waɗannan, aka tace ruwan ƙazanta da ƙananan tsirran da ke yawo a kan ruwa, aka kwashe tsirran aka ciyar da karfasa. An rubuta sakamakon, masana na wasu ƙasashe sun karanta. A Wagadugu an yi babbar tasha irin wannan a Kosodo, aka raba wa masu garka filaye a ƙasanta, kuma daga can ma akwai darasi: ruwan masana'antu da aka haɗa da na gidaje ya kawo gishirin da ya lalata ƙasar noman. Wato tun kafin mu fara an riga an nuna mana ramin da za mu kauce wa, kowace masana'anta ta tace nata kafin ta saki. Abin da wannan dabara ke ci shi ne fili, fili kuwa shi ne abin da ke hannunku. Duk yankan filayen da aka yi ba a ware wurin tafkunan tacewa ba, an rufe wannan ƙofa ke nan, sai dai a zo daga baya ana rusa gidajen mutane.

Kafin a kai ga haka ma akwai ƙananan abubuwa da aka gwada a biranen Afirka ta Yamma suka rage cuta: mai garka ya haƙa ɗan rami ruwan ya kwana kafin ya ɗiba, ya zuba a gindin shuka maimakon kan ganye, ya dakatar da ban ruwa ƴan kwanaki kafin ya cire, mai sayarwa ta daina yayyafa wa kayanta ruwan kwata, uwargida ta san adadin ɗigon zabel da za ta sa da mintocin da ganyen zai yi a ciki. Wannan aikin malaman tsafta ne da rediyo.

Game da kogi, mu mutanen Yamai mun yi sa'ar da ba ta yi wa wasu daɗi ba. Tashoshin tace ruwan famfo na Gudel da Yantala suna sama da gari, ƙazantarmu kuma ƙasa take bi. Mu sha mai kyau, mu tura wa Gamkalle da Saga da Kollo da Say har Gaya abin da muka zubar. A can akwai masu noman shinkafa, akwai masunta, akwai ƙauyukan da mata ke ɗiba kai tsaye daga kogi, yara suna wanka. Da bazara, lokacin da ruwa ya ja baya, babu isasshen da zai surka ƙazantar. Dattawa suna tuna watan Yunin 1985 da kogin ya tsaya cak a nan Yamai. Kainuwar da ke rufe bakin ruwa ita ma shaida ce, domin inda taki ya yi yawa take haɓaka. Ruwa ba ya tsami banza. A 2021 amai da gudawa ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar nan, sama da 150 suka rasu, kuma hanyarta ɗaya ce: bayan gidan wani ya shiga bakin wani.

Mu ma akwai na sama da mu. Kogin Sirba yana shigowa Isa a yankin Gotheye, kuma ya ratso ƙasar masu haƙar zinariya, inda ake aiki da zaiba da gubar siyanur. Tacewar da aka saba yi wa ruwan famfo, wato alif da yashi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, an tsara ta ne domin laka da cuta. Zaiba kuwa a jikin kifi take taruwa, daga ƙarami zuwa babban da ya cinye shi, har ta iso kwanon mai ciki. Ya kamata a riƙa auna ta a laka da kifi a kai a kai, a sanar.

A nan ne nake so ku tsaya ku dubi wani abu da kuka riga kuka iya. A damanar 2020, lokacin da kogi ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, ya fasa shinge ya shiga Lamorde da Kirkisoy da Saga, babu wanda bai san wannan lamba ba. Mai shayi ya san ta, ɗan kabu-kabu ya san ta. Kowa ya koyi ma'anar alamar rawaya da ta ja, saboda kullum ana aunawa, kullum ana faɗa a rediyo da Hausa da Zabarmanci. Mutane sun kwashe kayansu saboda lamba. Ashe jama'a suna fahimtar awo idan aka ba su shi da harshensu. Tsayin kogi ana faɗa mana, saura abin da ke cikinsa. Ku zaɓi wurare ƙalilan: sama da Gudel, bakin Gunti Yena, Gamkalle, Saga, da wasu rijiyoyi a kowace gunduma. Ku ƙulla yarjejeniya da ɗakunan gwajin da ke garin nan, a auna kowane wata, a liƙa sakamakon a ƙofar ma'aikatar gunduma, a karanta a rediyo, a tura wa masu unguwanni da limamai. Rijiyar da ba ta shawuwa a shafa mata jan fenti, a ce ta wanki ce. Duk wanda kuka ba izinin ɗibar ruwa ko shara domin bincike, ku sa masa sharaɗin ajiye muku shafi ɗaya cikin harshen da mai rijiya zai gane. Kuɗin wannan duka bai kai na motar shara guda ba.

Tunda na ambaci motar shara, ga wani abu da duk wanda ya taɓa tankaɗe sharar Yamai ya gani: kaso mafi nauyi a cikinta yashi ne da toka. Dalilin a fili yake. Tsakar gidajenmu ƙasa ce, mace tana shara da tsintsiya safe da yamma, tana tattarawa har da rairayi. Saboda haka mai amalanken jaki yashi yake ja, motar da kuke zuba wa gazuwal yashi take kai wa bayan gari. Motocin da ke matse shara an ƙera su ne domin kwali da takarda na biranen Turai. Yashi ba ya matsuwa, cin ƙarfen yake yi. Injin ƙona shara ma haka, yashi ba ya ci da wuta. Duk mai kawo muku tallar irin waɗannan kaya, ku fara tambayarsa ko ya auna sharar da zai yi aiki a kanta. Da za a sa rariya a wuraren tara shara na unguwa, yashin ya tsaya a cike ramukan hanya da shi, ruɓaɓɓen ya zama taki, da abin da za a ɗauka ya ragu sosai, samari kuma sun sami aiki. Manoman bayan gari sun daɗe suna karɓar shara a gonakinsu domin taki, sai dai tana zuwa musu da leda da batir da fasassun kwalabe. Maƙeran Katako da ke narka tsohon alminiyom su zuba tukwane sun riga kowa sanin cewa shara dukiya ce idan an rarrabe ta. A tafi wurinsu a yi shawara, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya rage bayan tankaɗe shi ke buƙatar mazubi na gaskiya. Tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini ba mazubi ba ne, domin ruwan sama yana ratsa jujin ya fito da baƙin romo mai guba, ya nutse kai tsaye cikin ruwan da rijiyoyi ke sha. Mazubin kirki ana daɓe gindinsa da yumɓu ko shimfiɗar roba, a tara romon a tace, a haƙa ƴan rijiyoyin sa ido a kewaye. Wagadugu ta yi nata a Polesgo tun 2005. Leda kuwa ba sai na daɗe a kanta ba. Dokar da ta hana ta tana nan tun Nuwamban 2014, ledar ma tana nan, a magudanu, a kan itatuwa, a tumbin awaki, kowane mahauci shaida ne.

Ranku ya daɗe, na san aljihun gari ba shi da zurfi, ƙasa kuma tana cikin hali na tsaro da ke cin kuɗi. Shi ya sa ban roƙe ku babban gini ba. Na roƙi ku kira masu binciken nan ku zauna da su kafin ku sa hannu a kan sayen kaya ko yankan fili, ku tattara kundayen da aka rubuta a kan ruwa da sharar Yamai wuri ɗaya, ku fara awon wata-wata kafin damana mai zuwa. Idan kuna neman wanda zai mayar da sakamakon cikin Hausa, ni da wasu abokaina tsofaffin malamai a shirye muke, ba ma neman ko dala. Rijiyar maƙwabcina kuma tana nan a buɗe ga duk wanda kuka aiko, da sharaɗin ya dawo ya faɗa masa abin da ya gani.

Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku. Wassalam.

Naku,
wani tsohon malamin makaranta,
unguwar Bukoki, Yamai.